Ƙeya

Shekara goma sha ɗaya ina koyar da lissafi a jami'a,
ban taɓa ganin ƙeyata ba.

Ran Laraba Dokta Akosuwa ta shigo ajina,
ta zauna can baya, ƙarƙashin fankar da ta mutu,
littafi a kan gwiwa.
Sau biyu alli yana karyewa a hannuna.

Ba ta ce uffan ba
sai da muka tsallaka titi zuwa Ayigya,
Hajiya Zaliya ta zuba mana wake da shinkafa a ganye.
"Fuseni, allo kake koya wa.
Yara ɗari biyu, bayanka kaɗai suka sani.
Kai ne mai tambaya, kai ne mai amsa,
tun yarinyar nan mai tabarau ba ta gama ɗaga hannu ba."

Idona ya kawo ruwa. Na ɗora wa yaji laifi.

Ta turo mini kofi, da maƙalarta
wadda mujalla ta dawo da ita karo na uku:
"Saura kai. Duba mini tawa ƙeyar."

Yau na jefa tambaya, na juyo,
na fara ƙirga goma a zuci.
Ina bakwai
hannun ya tashi.