Daƙiƙa Ashirin

Injin niƙan Iya Habsu ne.
Shekara goma sha ɗaya yana cin gero a Garin Malam
har murya ta dushe masa.
Mutari makanike ya saye shi a kuɗin ƙarfe,
ya kwana uku a kansa,
ya ɗora shi bisa ƙashin tsohon gado,
ƙafafun baro huɗu,
da sitiyarin wata Pijo da ta rasu a hanyar Tanut.
Ya ɗura masa gazuwal rabin kwalba.
Ya yi tari, ya yi tari,
ya tashi.

Kafin wata ya mutu kowane gareji ya haifi tasa.
Shida muka ƙirga ran Lahadi
a fegin bayan duwatsu, in ka nufi Mirriya,
inda muka ja layi biyu da toka,
taki ɗari biyu da hamsin, na auna da ƙafata.

Ni aka miƙa wa agogo da tuta,
wai shekara talatin na yi ina jan babbar mota zuwa Agadas
ban taɓa take ko akuya ba.
A bayan kwalin sukari na rubuta doka:

Wanda bai kai takwas ba, ya yi kallo.
Wanda ya haura sha huɗu, ya yi turi.
Ba hular kwano, ba hawa.
Uban yaro ya tsaya bayan igiya, shi da bakinsa.
Sai ta ƙarshe, wadda ta sa aka yi mini dariya:
kafin ka tashi, faɗi lokacinka.
In ka ce ashirin, ka iso a ashirin, ko ka ɗan makara.
In ka riga bakinka zuwa, ka faɗi.

Mutari ya ce, "Baba Kalla, tsere ne ko kotu?"
Na ce, gudu ko zomo ya iya.
Na ga ramukan da masu gudu suka cika tsakanin Aderbisinat da nan.

Cima jikata ce, shekararta goma,
hular ta rufe mata gira,
an cusa mata matashi biyu don ƙafa ta kai totur.
Ta ɗaga yatsu, ta ce, "Ashirin."
Laminu ɗan mai faci ya ce, "Ashirin da biyu,"
yana lasar leɓe.

Tuta ta sauka.
Hayaƙi baƙi ƙirin, warinsa har maƙoshi,
tut-tut-tut, kamar ana niƙan biki,
mata na guɗa, wata mai ƙosai ta bar mai yana ƙuna.
Na ga gyalen Cima ya zame daga ƙarƙashin hula
yana kaɗawa,
na ga ta bar yaron a baya tsawon raƙumi uku,
na ga ba ta waiwaya ba.

Ta tsallake toka.
Sha tara da rabi.

Babban yatsana kaɗai ya san abin da ya so yi.
Ƙiftawar ido guda da na ƙara masa,
wa zai sani?
Agogon a tafina yake, fili duk ihu.

Na ɗaga hannun Laminu.

Mutari ya tofar da goro, ya juya mini ƙeya.
Iya Habsu ta ce, "Tsoho, ba ka da hanji."
Muka turo motar har Birni, ni da Cima,
ba wanda ya ce uffan,
sai ƙafar baro guda da ke kuka a kowane juyi.

Bayan isha'i ta zo ta tsaya a bakin tabarmata,
har yanzu da baƙin mai a haɓa.
"Kaka, agogonka daidai yake?"
Na ce daidai.
Ta daɗe tana duban ƙasa.

"To Lahadi sha tara zan ce."