Shafi Biyu Kafin Litinin

Malama Ondina ta ce shafi biyu,
Litinin da safe, a kan teburinta,
kan tsohon littafin nan mai warin ɗaki.
Ta ce, "Ra'ayinku nake so, ba nawa ba."

Ina zaune a kicin ɗinmu na Porto,
ruwa na dukan taga tun hantsi,
kakata Graciete na gasa kifi,
hayaƙi na yi mini yaji a ido,
ko sunana ban rubuta ba.

Matar cikin littafin ta ba ni haushi.
Mijinta ya rasu shekara bakwai,
ya bar mata bene da suna mai nauyi,
sai ta so mai gyaran agogon unguwa,
mai baƙin mai a farce, mai sanyin murya.
Shafi ɗari huɗu suna satar kallon juna
ta bayan labule, ta tsakanin kujerun coci.
Ya yanki tikiti biyu na jirgin ruwa,
ya tsaya a gaɓa, hula a hannu,
har aka kwance igiya.
Ba ta zo ba.

Saboda wa? Surukarta da matar likita,
da masu zaman shayi na yammacin Lahadi
da ke auna mutum da ƙyallin takalmi.
Na ɗauki biro na rubuta: matsoraciya.
Na ja layi biyu a ƙarƙashi.
Na ce da ni ne, da rana tsaka zan fita,
in bar musu sunan su dafa su ci,
bakin mutane ai ba wuƙa ba ne,
bai taɓa yanka kowa ba.

Kakata ta juya kifi, ta ce, "Telmo,
da wa kake faɗa kai kaɗai?"
Na ce da wata mata ta cikin takarda.
Ta ce, "To, yi mata a hankali.
Na tudu ya fi kowa iya iyo,
tunda ruwan bai kai masa wuya ba."

Sai Laraba ta faɗo mini.
Kan gadar ƙarfe, ni da Iolanda,
'yar matar da ke goge mana daɓen makaranta,
hannunta cikin nawa, da ɗumi kamar burodi.
Can ga Duarte da Vasco na ajinmu
suna tafe suna taunar cingam.
Na zare hannuna, na cusa a aljihu,
wai ina laluben makulli.
Ta dubi kogin Douro, ta ce, "Sai gobe."
Goben ta koma kujerar baya a bas,
ba ta ƙara duban inda nake ba.

Ni babu suruka, babu matar likita,
babu bene, babu sunan da zan tsare.
Yara biyu da cingam suka ishe ni,
kuma ko magana ba su yi ba.

Na koma babin da na tsallake
don gaggawar ganin ƙarshe.
Ashe sau uku ta ɗaure akwati ta kwance.
Ashe ta sa takalmi ta zauna a matakala
tana jin agogon da ya gyara mata
yana ƙirga daren har asuba,
ƙofa na nan taku biyar,
ƙafa ba ta ɗauku ba.

Na soke kalmar. Takarda ta huje.
Amma ban wanke ta ba, Malama,
don mutumin ya sha sanyi a gaɓar nan,
kuma wanda aka saki hannunsa
ba ruwansa da dalilinka.

Shafi ɗaya da rabi na samu.
Kifin ya huce, kakata ta kwanta.
Bas ɗin Litinin bakwai da kwata yake zuwa.
Kujerar baya ta mutum biyu ce,
ban sani ko za ta ɗauke jakarta ba.