Kabari da Dashe

Daren Talata na bar kwamfutar tana sabunta kanta,
na kwanta, ruwa na dukan kwano.
Da asuba, kafin kwale-kwalen 'yan kasuwa su motsa a kogin Hậu,
na buɗe littafin Má.

Shafi arba'in da ɗaya.
Wata bakwai tana faɗa ina bugawa:
wace gona ce ta kawu Khiêm,
wacce ruwa ke cinyewa a watan tara,
inda ake zuba iri, inda aka binne wa.
Ta ce jikokinta na birni ba su san gabas ba.

Sai ga akwatuna a allo.
Ƙanana, farare, ba kowa a ciki.
Sunan garinmu, Cần Thơ, ya yi giɓi biyu
kamar bakin ɗan shekara bakwai.

A harshenmu m da a ba su gama magana ba
sai an ga abin da suka ɗauko.
Karan da ya miƙe sama, uwa ce.
'Yar ƙugiya a ka, kabari.
Ɗigo a ƙarƙashi, dashen shinkafa.
In ba komai, fatalwa.

Uwa ta tsira, sabon zanen haruffan ya san ta.
Fatalwa ma ta tsira, da ma ba ta da abin rasawa.
Amma kabari da dashe sun sa riga ɗaya:
bayan mangwaro akwai m□ layi uku, kada a taka.
Wanne ke nan?

Na shiga saiti.
Sunan tsohon zanen na nan a layinsa,
kamar sunan wanda ya tashi, a jikin ƙofa.
Na gwada wani, ƙugiya ta zame gefe kamar hular mashayi.
Na gwada wani, alama ta hau kan alama suna kokawa.
Na uku ya aro harafi daga maƙwabta,
dogo, baƙi wuluk, baƙo a hoton dangi.

Na kira Thuận, ɗan yayata, a Sài Gòn.
Da muryar barci ya ce, ba abin da ya ɓace, Goggo,
rubutun na nan, ido ne kawai na'urar ta rasa.
Sauko da zanen, share ma'ajiyar, rubuta sunansa daidai,
har da tazarar da ke tsakiya.
Rufe, ki sake buɗewa.
Na manta tazarar. Sau biyu.

Má ta shigo da kofi, kankara na ƙara a ciki.
Ta leƙa, ta ce, waɗannan akwatunan fa?
Na ce na'ura ce ta kasa raba kabari da dashe.
Ta daɗe tana kallo.
Ta ce, to ai ba ta yi ƙarya sosai ba,
ƙasa ɗaya muke ba wa ajiyar duka biyun.
Sha kafin ya salance.

Ƙarfe tara da kwata suka dawo.
Ƙugiya ta hau kai, ɗigo ya koma ƙasa,
garinmu ya mai da haƙoransa.
Na ƙara girman rubutu zuwa goma sha takwas saboda idonta.

Ta jawo kujera, ta goge tabarau da bakin riga,
tana bin layi da farce, leɓe na motsi.
A shafi na ashirin da uku farcen ya tsaya.

Nan fa, ta ce. Wajen kakanki.
Na duba. Ɗigo ne, a ƙasa, zaune daram.
Tun watan huɗu tsohon yana kwance a littafin
a matsayin dashen shinkafa.

Wannan, ta ce, tana ƙwanƙwasa gilashin,
ba na'ura ba ce.