Ina

Haruffa uku na rubuta a bayan takardar magani
muna jiran layi a asibitin Katsina.

Madam Ronke mai ɗinki ta leƙo:
"A bakinmu wannan wuta ce."
Na tuna malamarmu ta lissafi, 'yar Filifin,
alli a gefen hancinta,
ta ce a tsibirinsu haka ake kiran uwa.

Ni a wajena tambaya ce kawai,
wadda direba ke jefa wa fasinja a Ƙofar Ƙaura.

Sai ranar da muka dawo daga Ɗanmarna,
murhu a sanyaye, tabarmarta a naɗe.
Na buɗe baki, duka ukun suka fito tare.

Autarmu ta ja rigata: za ta dawo?
Ina!