Famfon Iskar Garkarmu

Shekara goma sha tara yana tsaye
gabas da Kalfu, a bakin fadama,
dogon ƙarfe mai ƙafa huɗu,
kamar raƙumin da aka manta a kasuwa.
Fikafikansa sha takwas ne a da.
Na ƙirga sha ɗaya.
Uku suna rufe da akurkin kajin Tsahara,
ɗaya ya zama ƙyauren rumbun wani,
sauran, Allah masani.

Na komo daga Abijan da kile biyu
da tabon walda a bayan hannu.
Baba, wanda idonsa ya riga shi tafiya,
ya ce, "Kai mai ta da motocin mutane,
ga naka can ya mutu a tsaye."

Na hau. Mataki na tara ya yi mini gargaɗi.
A can sama hankaka ya yi gida cikin akwatin haƙora:
tsinke, zaren buhu, da cokalin wani.
Mai ya daskare kamar tsohuwar daddawa.
Bulon na farko sai da ya sha kananzir kwana uku
kafin ya yarda ya juya.
Na biyu ya karye, ya tafi da fatar yatsana.

Ran kasuwar Tawa na sayo ganga biyu wurin Hashimu,
muka fasa, muka buge, muka lanƙwasa
a bisa kututturen gawo.
Fikafikai bakwai, shuɗɗa,
ba su yi kama da 'yan'uwansu ba ko kaɗan,
amma iska ba ta tambayar dangi.

Ni da yaran Nomau muka zaro tiyo daga rijiya,
gaba bayan gaba, muna nishi.
Ashe ruwa ya gaji da jira, ya sauka ƙasa,
ya bar bakin tiyo a bushe, gaba biyu da rabi.
Sai da akuyar Inna ta tafi kasuwa
kafin ƙarfe ya sake taɓa ruwa.

Fatar da ke tsotso a gindi ta ruɓe.
Arzika baduku ya juya ta a tafinsa, ya daɗe.
"Wannan yankan ubana ne," in ji shi.
Ya yanko sabuwa daga wuyan sa, inda ya fi kauri,
ya kwantar da ita cikin kitse,
ya ƙi karɓar ko dala.

Ran da muka gama, iska ta ƙi zuwa.
Kwana ɗaya. Biyu. Uku.
Ko ganyen bedi bai motsa ba.
Masu injin fetur suna wucewa da galan a kai:
"Sannu da jiran iska!"
Wani ya ce in hau in hura da baki.

Daren na huɗu, sandar Baba ta taɓa ƙafata.
"Tashi. Ba ka ji?"
Ban ji ba. Sai na ji.
Ƙiii, ƙwas. Ƙiii, ƙwas.
Na riƙe ƙarshen sanda, amma shi ke ja na,
ya san hanyar fiye da tocilata.

Wutsiya ta juya ta ba gabas baya.
Sanda na hawa, na sauka, na hawa,
tiyo ya yi tari,
ya tofo ruwa ja mai warin tsatsa,
sannan fari.

Baba ya tara hannu biyu, bai sha ba.
Ya karkata kunne sama.
"Da can tari biyu yake yi kafin ya zubo.
Wannan ɗaya ya yi."
Ya shafa ruwan a fuska, har gemu.
"To. Kowa da muryar tsufansa.
Ka riƙa ba shi mai ran Juma'a."

Da asuba ruwa ya kai fangali na shida
inda za mu dasa albasa.
Tsahara ta iso da tulu a kafaɗa,
ta dubi sama, ta dube ni,
ta ce, "Rufin kajina dai,
na ga ba ka da sauran bukatarsa."