Kalmar da Ta Koyi Jira

Shekara talatin da ɗaya ina kwance ƙullin takardu
a ɗakin ajiyar tarihi na birnin York,
da farar safar hannu da fitila mai raunin ido,
ina bin sawun kalma guda
kamar mai cigiyar tunkiya:
presently.

Na fara cin karo da ita a kan fatar maraƙi,
tawada ta koma launin tsatsa.
Wani alƙali ya rubuta: a saki Osbert majemi presently.
A wancan zamanin kalmar ba ta san kujera ba.
Nufinta yanzu-yanzu,
kafin bakin alƙalami ya bushe,
kafin mai tsaron ƙofa ya haɗiye yawu.
Majemin bai jima ba.
Ina jin a gida ya ci abincin dare, da warin fata a rigarsa.

Na tsallake shekara ɗari biyu,
sai ga ta a littafin bashin wata mai masauki
a bakin kogin Ouse.
Ta yi ƙiba, ta fara jan ƙafa.
Mahauci zai biya presently,
mai kwalekwale ma haka ya ce.
Shafi bakwai na buɗe, ba wanda ya kawo ko anini.
Harshen mai cin bashi ba ya wasa wuƙa,
dakusar da ita yake yi.
Ba a yi shela ba, ba a zauna majalisa ba,
malalata ne kawai suka yi ta hawanta
har bayanta ya lanƙwashe,
yanzu ta koma an jima.

A haka mijina Wilfred ya gaje ta.
Ƙyauren lambunmu na kuka tun makon da muka tare.
In na ce, mai fa? A ɗiga masa mai,
sai ya ce presently, Maud,
ya juya shafin jarida.
Da ita ya sha shayinsa da zafi shekara arba'in,
ni kuwa ina jiran gawon shanu.

Sai 'yarmu Rosalind ta haye teku.
Wasiƙarta ta farko daga Ohio ta ce:
presently ina aiki a kantin magani.
Na karanta sau uku.
Za ta fara ne, ko ta fara?
Ashe ta fara.
Ashe can kalmar ta tarar da wata tsohuwar rigarta
a ƙasan akwati, ta kakkaɓe ta saka:
a halin da ake ciki.
Abin da muka zubar a tsakar gida
shi wasu suka tsinta a bakin ruwa.

Ranar Talata, ƙarshen hunturu,
a hawa na huɗu na asibiti,
numfashin Wilfred na fita kamar ana jan guga mai nauyi.
Wata nas, ƙaramar yarinya mai agogo a ƙirji,
ta dafa kafaɗata ta ce likita zai zo presently.
Na kusa riƙe hannunta in tambaya:
ta wane ƙarni, 'yata?
Ta alƙalin, ko ta mahaucin?

Ban tambaya ba.
Wanda ya riga likita shigowa
bai taɓa karanta littafin bashi ba,
tsohon harshe yake ji, na kan fata,
wanda ba ya ba kowa kujera.

Na koma gida da tabaransa a aljihu.
Na tura ƙyauren lambu, ya yi kukansa.
Gwangwanin man na nan kan taga
inda na ajiye masa tun ina da baƙin gashi.
Na ɗauka, na jijjiga, da saura a ciki.
Na mayar.
Zan ɗiga, ai zan ɗiga.
Bari dai in ƙara jin muryar tukuna.