Kwanon Duna

Shekara huɗu yana gadin rumbun albasata a Pitowa,
ban taɓa tambayar kaina me yake ci ba.
Ƙanzon tuwon dawa, ruwan wankin tukunya,
suɗin miya in yara sun bari.
A zatona kare kamar ciyawa ne, ƙasa ke rainonsa.

Sai bana, bayan an ɗebe kaka,
gashin bayansa ya soma zuba kamar tsohon buzu,
haƙarƙarinsa ana ƙirgawa daga bakin zaure.
Daren Talata ɓarawo ya sure buhu biyu.
Duna ya ɗaga kai, ya yi haushi guda,
ya mayar da haɓa bisa ƙafa.

Na ɗauki sanda, sai na dubi idonsa.
Na ajiye sandar, na ɗauko kwandon kaji,
na ɗaure shi bayan babur, muka nufi Garwa.

Madam Dijatu, likitar dabbobi, ba ta dube ni ba.
Leɓensa ta ɗaga:
dasashi fari fat, kamar audugar da aka ciro jiya.
"Miyar gidanku da albasa?"
Na yi dariya. Albasa ce ta gina gidan!
Ta ce, "To ita ke shanye masa jini."

Ashe abin da yake kwana tsaro
shi ke cinsa a kwano.

Ta rubuta, ta karanta mini, don ba na jin Faransanci:
maganin tsutsa tukuna, don kada a ciyar da baƙi.
Hanta kaɗan ranar kasuwa, kada ta wuce yatsu biyu.
Dafaffen ƙwai, a daka ɓawon ya yi laushi a barbaɗa,
kifin Lagdo a zare ƙaya, kabewa a cikin tuwon.
Dafaffen ƙashi kuwa a'a, tsagewa yake kamar kara.
Ƙwayar bitamin ja, rabi da safe, kwana ashirin,
daga nan kwano ya ci gaba da aikin.

Uwar gida ta riƙe baki: "Ƙwai? Kare?"
Na ce ƙwai dala ashirin ne,
buhu biyu kuwa ki lissafa.
Maƙwabci ya leƙo ta katanga, wai najasa nake kiwo.
Na ce ina wanke hannu, Malam Sali,
amma hakkinsa wane ruwa zai wanke mini?

Yanzu duk Lahadi yaron mahauci
yana ware mini ɗan yanki a ganye,
ya daina tambayar ko wa ke jinya.

Gashi ya dawo, baƙi wuluk, yana sheƙi.
Jiya ya kori akuyar Malam Sali har bakin rijiya,
sai da na je ban haƙuri.
A hanyar dawowa na tsinci kaina ina murmushi,
na tsaya wurin Mai-shayi na sayi ƙwai biyu:
ɗaya nasa,
ɗaya na uwar gida.